Ranar Da Baƙon Yamai Ya Leƙa Rufewar Yayana

Na daɗe ina jan mota tsakanin Konni da Tawa, kuma idona ya ga abubuwa a kan hanya, amma akwai wata Lahadi guda da ba za ta fita daga kaina ba har ranar da za a sa ni a rami. Ba haɗari aka yi ba, ba ƴan fashi suka tare mu ba. Wai yawon buɗe ido aka zo yi. Ni ban yi lakwal, wato makarantar boko, mai nisa ba, don haka zan faɗe shi yadda ya faru, ba ado.

Shekarar da fara ta ci gonaki ce, ruwa kuma ya ɗauke da wuri. Yayana shi ke riƙe da gidanmu na gado a wani ƙauye ta wajen Tajaye. Yana da babbar rufewa a tsakar gida, irin rumbun lakar nan mai ƙaton ciki wanda sai da tsani ake hawa. A wurinmu wannan rufewa ta gandu ce. Ana cika ta da kaka a rufe, ba a taɓa ta sai damina ta kama, lokacin da masu noma ke bukatar abin da zai riƙe musu ciki. Kuma maigida kaɗai ke hawanta. Ko ɗan da ka haifa ba ya ɗaga murfinta, balle baƙo.

A shekarar nan babu komi a cikinta. Ɗan abin da ya samu ya ƙare tun tsakiyar rani, yana ɗiba kaɗan-kaɗan don yara. Matarsa ce kaɗai ta sani, sai ni. Ƴaƴansa biyu manya sun dawo daga ci-rani don shuka, suka tambaye shi, ya ce musu babbar rufewa tana nan ba a taɓa ta ba. Ƙarya ce, na sani. Amma ya san idan suka ji gaskiya ba za su kwana uku ba za su koma Najeriya, gonar gandu kuwa ta fi ƙarfin tsoho shi kaɗai. Dabararsa ita ce a yi shuka tukuna, a kama noman farko, sannan ya sayar da sansa, ni ma in riƙa kawo abin da na samu, a lallaɓa har wake ya nuna. Abin da yake bukata kawai shi ne a bar murfin nan a rufe har ruwa ya sauka.

Ana cikin haka sai ɗan ƙanwarmu ya kira ni. Yaron nan a gidan ya tashi, hatsin rufewar nan ya ci har ya tafi lakwal, yanzu yana aiki a wani buro, wato ofis, a Yamai. Ya ce zai zo Asabar da Lahadi shi da patoronsa, wato shugabansa na aiki, da matar patoron, suna son su huta da hayaniyar birni su ga ƙasa.

Na ce, “Su ga mi?”

Ya ce, “Kawu, ba za ka gane ba. Yawon buɗe ido ne. Mutane na biyan jirgi daga Turai don su ga rumbunan nan namu.”

Na ce, “To da can idon nasu rufe yake?”

Ya yi dariya, ya ce dai in shirya, ni zan ja su tunda na san hanya.

Da suka iso na ɗauka zan ga Nasara. Ashe patoron baƙi ne kamar ni, Hausa a bakinsa rangaɗau idan ya manta kansa ya ajiye Faransanci. Na tabbata ubansa ma yana da rumbu a wani ƙauyen. Amma ga shi da gajeren wando, da hular kaba irin ta makiyaya da ya saya a hanya, da abin ɗaukar hoto rataye a wuya. Mutum mai furfura a gemu, gwiwoyi a waje. Madam kuwa tabarau ya rufe rabin fuska, ga gorar ruwa a hannu kamar mai jinya.

Asabar a Konni muka yi ta. Na kai su kasuwa, suka ɗauki hoton mai sayar da rake, suka ɗauki hoton ƴan kabu-kabu, suka ɗauki hoton jaki yana jan amalanke. Jaki fa. Madam ta tsaya tana cewa dubi idonsa, abin tausayi. Mai jakin ya tambaye ni ko saye za su yi, na ce a'a, kallo suka zo. Ya ce, “Allah ya ba su lahiya.”

Da la'asar patoron ya ce lalle sai an ƙetara iyaka. Muka bar mota, muka hau babura zuwa Illelar Najeriya. Suka sha lemo kwalba ɗai-ɗai a tsaye, aka yi hoto a gaban wani shago, muka juyo. A hanya na ji Madam tana waya tana cewa yanzun nan suka dawo daga ƙasar waje. Wurin da matan unguwarmu ke zuwa sayen omo su dawo kafin tuwo ya nuna, shi ne ƙasar waje. Na bar ta. Direba ba ya gyara wa mai mota zance.

Lahadi da safe muka kama hanyar ƙauye. Da muka sauka daga gudoro, wato titin kwalta, muka tsaya shan iska, sai na ja yaron gefe.

Na ce, “Ka ji, in mun isa, su yi hotonsu daga ƙasa. Kar kowa ya taɓa rufewar kawunka.”

Ya ce, “Haba Kawu, ni za ka gaya wa? A gidan nan aka yanke mini cibi.”

Ba zan iya faɗa masa dalili ba, don sirrin ba nawa ba ne. Kuma a ganina bai kamata a ce sai an ba shi dalili ba.

Yayana ya tarbe su kamar ba shekarar yunwa ba. Aka shimfiɗa tabarma, aka kawo ruwa, suka ce sun gode suna da nasu. Aka kawo fura, Madam ta tambaya ko an tafasa ruwan. Duk da haka yayana ya sa aka kamo ɗan akuya, ya zaga bayan gida da wuƙa don ya yanka musu. Na bi shi na ce ya bari, mutanen nan da gwangwanin kifinsu suka zo. Ya ce, “Direba, baƙo ya shigo gidana ya hita ba a zub da jini ba? Riƙe mini ƙahwahun.” Na riƙe.

Muna cikin fiɗa sai muka ji wata irin murya daga tsakar gida, mai kauri, tana yawo kamar daga cikin rijiya. Na saki akuyar na ruga.

Patoron ne a can saman tsani, gwiwoyinsa a waje, ya ture murfin ciyawa gefe, ya tura kansa cikin bakin rufewa yana kiran sunan matarsa. Rufewar tana maimaita masa. Ya sake kira, ta sake amsawa. Ya ɗago yana dariya har da hawaye.

“Madam, zo ki ji! Kamar masallaci! Babu komi ciki, wallahi ko tsaba ɗaya. Mutum zai iya kwana a nan!”

Da Hausa ya faɗa. Duk Faransancin da ya yini yana yi jiya, a nan ne ya ga dama ya yi Hausa. Yaron namu kuwa yana ƙasa, shi ke riƙe masa da tsani. Daga baya matar yayana ta gaya mini patoron ya tambaya ko ana hawa, yaron ya ce, “Hau mana, patoro, ai gidanmu ne.”

Tsakar gidan cike take, don ƙauye ba ya ganin ƙatuwar mota kat-kat irin ta patoron kullum. Maƙwabta sun shigo kallon baƙi, mata sun leƙo ta kan danga. Ƴaƴan yayana biyu suna tsaye a bakin zaure. Ko da patoron bai ce komi ba, duk wanda ya tashi a ƙauye ya san rufewar da ke da hatsi ba ta mayar da murya haka. Wata tsohuwa ta ce, “Innalillahi,” ta ja jikarta suka fita. Sauran ma suka fara zamewa ɗaya bayan ɗaya, kowa kansa a ƙasa, kamar su ne suka yi laifin.

Yayana ya fito, hannuwansa duk jini. Ya dubi mutumin da ke saman tsani, ya dubi ƴaƴansa. Babban ya riƙe idonsa na ɗan lokaci, sannan ya juya ya fita, ƙanen ya bi shi. Ba wanda ya ɗaga murya. Na so a ce an yi faɗa, da ya fi sauƙi.

Abin da yayana ya ce kawai shi ne, “Sauko sannu, Alhaji, tsanin ya tsuhwa.”

Kuma ku ji ƙarshen rashin hankali. Mutumin nan bai gane ya yi wani abu ba. Ya sauko yana kakkaɓe hannu, ya zauna a tabarma ya shiga yi wa yayana bayani a kan yadda ya kamata manoma su koyi tanadi, wai a buronsu sun yi taro a kan haka. Mutumin da ya shekara yana ciyar da gida cike da baki, shi ake koya wa tanadi. Sannan ya roƙe shi ya tsaya kusa da rufewar a yi masa hoto, wai fuskarsa ta dace da wurin. Yayana ya wanke hannu ya tsaya. Aka kawo nama, suka ɗan taɓa. Madam ta raba wa yara alawa, ta ce ƙauye akwai kwanciyar hankali, da ma a nan take zaune.

Muka kama hanyar komawa har muka hau gudoro. Da suka sauka sayen albasa, na juya wurin yaron.

Na kira shi yadda ake kiran ƴan buro da Faransanci, na ce, “Mushe, ka kyauta.”

Ya ce, “Kawu, wallahi ban san babu komi ciki ba.”

Na ce, “Ba ka san babu komi ba, na yarda. Amma ka san ba a leƙawa. Ko shi ma lakwal ta goge maka?”

Ya ce, “Patorona ne fa. Yaya zan ce masa a'a?”

Na ce, “Kamar yadda za ka ce masa a'a in ya ce zai ɗaga zanen uwarka ya yi hoto.”

Suka dawo da buhun albasarsu, patoron ya dafa kafaɗata ya ce ni direba ne na kirki, sun ji daɗin tafiya ƙwarai.

Kafin mako ya zagayo na ga ƴaƴan yayana a tashar Konni da jakunkunansu. Na tare babban na ce su yi haƙuri su koma, ga hadari yana haɗuwa kullum, za a san yadda za a yi.

Ya ce, “Baba ƙarami, mu yi noma da mi a ciki? Da ya gaya muna tun farko, da mun san abin da munka zauna a kai. Yanzu duk gari sun ji tare da mu. Ni ba ni iya zama ana kallona.”

Bai yi ƙarya ba. Suka hau mota suka ƙetara.

Ruwa ya sauka bayan tafiyarsu, kuma damina ta yi kyau, irin wadda ake roƙo. Gonakin maƙwabta suka yi baƙi ƙirin da hatsi. Yayana shi da matarsa da ƙananan yara suka shuka abin da suka iya, wani ɗan gefe na gonar, sauran ciyawa ta cinye. Shi kuwa san nan da ya so ya sayar don ciyar da manoma, ya sayar da shi ya ciyar da gidan da babu manoma. Ƙaramin ɗan ya dawo bayan shekaru ya yanki gonarsa daban. Babban ya zauna can, sai dai aike. Gandun da ubanmu ya bari bai sake haɗuwa ba. Yayana kuma, wanda da ake zuwa wurinsa shawara a kan iri da lokacin shuka, ya koma mai zama a ƙarshen tabarma. Bai taɓa zagin ɗan ƙanwar tamu ba, ko sau ɗaya. Ni na yi masa wannan aikin.

Da sanyin shekarar nan ya shigo yaron ya sake kira. Wai patoron ya nuna hotuna a buro, abokansa sun yaba, suna son a kawo su su ma, ko zan samu lokaci.

Na ce, “Patoron naka yana da uba?”

Ya ce, “Yana da shi mana.”

Na ce, “To ya kai su can su leƙa nashi.” Na kashe wayar.

Ban ce kar mutum ya fita ya ga duniya ba. Ni ma da yawo na ci abinci. Amma tun daga ranar na gane wurin da wani ke zuwa hutun kwana biyu, gidan wani ne da zai ci gaba da zama a ciki bayan mota ta tashi. Mai kallo yana komawa buronsa ranar Litinin da hotuna, mai gida shi ake bari da abin da aka tona. Kuma baƙo ba ya isa inda zai yi ɓarna sai ɗan gida ya riƙe masa tsani. Shi ya sa har na ajiye tuƙi, na ɗauki ƴan kasuwa, na ɗauki marasa lafiya, na ɗauki gawa, amma ban sake kai wani ƙofar gidan mutum don ya je kallo ba.