Ranar da Yaya Ya Ɗaure Kebul da Roba

A shekarun da nake buga wa mutane takardu a shagona na Kura, tsohuwar kwamfutata ta fara wani ƙara kamar injin markaɗe. Hankalina ya tashi, domin hoton Baba ɗaya tilo a cikinta yake, wanda aka ɗauke shi a gonar tumatir kafin rasuwarsa. Inna ta daɗe tana so in fitar mata da shi a takarda, firintata kuwa sabuwar kwamfutar da na saya kaɗai take ji. Filashi, ɗan abin kwasar fayil ɗin nan, bai iso mana ba a lokacin, sai na sayo kebul na USB a Kano, irin mai haɗa kwamfuta biyu.

Na haɗa, na tura. Kan Baba da hularsa suka iso, daga ƙirji zuwa ƙasa kuwa toka-toka. Na sake, haka. Haba! Na canza rami, na juya bakin kebul, na kashe na kunna, wanda ya sayar min ma ya sha zagi a bayan idonsa.

Ina cikin haka Yaya ya shigo daga ban-ruwa, taɓo har gwiwa. Na yi masa bayani cewa kwamfuta ƙunshi-ƙunshi take aika abu, wasu kuma suna zubewa a hanya.

"Au, yoyo yake yi? Shi ne kika zauna kina kumbura?"

Ya je babur ɗinsa ya kwanto robar da yake ɗaure tiyon injin ban-ruwa da ita.

"Yaya, ba tiyo ba ne fa!"

"Ke dai yi naki, in yi nawa."

Ya durƙusa yana naɗe kebul tamau, yana nishi. Ni kuma na shiga gwaji: in na aika ƙaramin saƙo amsa ta dawo, in na aika babba shiru. Ashe direba ce, wato manhajar da ke sarrafa kebul ɗin, babban ƙunshi ke shaƙe ta. Na shiga saitinta na rage girman ƙunshi, na yi bisimilla na tura.

Baba ya iso cif, har ƙafa! Na yi tsalle na rangaɗa guɗa, mai shayin maƙwabta ya leƙo.

"Kin gani?" in ji Yaya yana karkaɗe hannu. "Roba!"

Dariya ta hana ni musu. Daɗi ya cika ni, wallahi, na bar masa.

Da yamma muka kai wa Inna hoton tana tuƙa tuwo. Ta goge hannu da zani ta karɓa, ta bi shi da ido a hankali har ƙasa.

"Kai, Malam! Yagaggen takalmin nan da na yi ta ɓoyewa, ashe da shi ka tsaya aka ɗauke ka?"

Ta yi dariya har hawaye suka zubo mata. Sai ta miƙo min muciya ba tare da ta ɗago ba.

"Ƙarasa tuwon nan. Ni ina da baƙo."