Baba Ari da Taya ta Biyar

Bara waccan, cikin watan tara, na yi wata dabara da har yau Zaituna, matata, take ba wa baƙi labarinta tun kafin ta kawo musu ruwa. Ina da 'yar gonar shinkafa a fadama, can ta wajen Baturiya, ina kuma da tsohuwar a-kori-kura da nake kira mota don babu wanda ya hana ni. Da hantsi aka aiko mini cewa ruwa ya ci jinga ta sama, in ina son shinkafata in je in kwashe kafin la'asar. An riga an yanke an buge, buhu goma sha huɗu na jingine a gindin goruba, kuma abincin gidana ke nan na shekara.

Na tsaya na dubi bayan motar. In safaya na ciki, buhu goma sha biyu za ta ɗauka. Sai na ciccibo safayar na jingine ta a zaure.

Zaituna ta leƙo ta ce, "Malam, ka manta taya."

Na ce, "Ban manta ba, hutu na ba ta. Shekara uku tana hawan mota kyauta."

Na je lafiya, na loda buhunan duka goma sha huɗun, ina yaba wa kaina. Ban yi nisa da gonar ba kututturen kaba ya tsaga mini tayar baya. Na sauko na zagaya ta sau uku, kamar zagayen zai mayar mata da iska. Waya ba sabis. A gabana akwai wani kwari da muke kira Maƙoshi, wanda duk mai fita daga wannan fadama sai ya ratsa shi, kuma shi ruwa ke fara cikawa. Daga inda nake ina hango ruwan yana ƙyalli a cikin ciyawar kachala, yana tahowa a hankali kamar mai zuwa gaisuwa.

A nan nake zaune a kan buhu sai na ji gunjin motar da na fi tsoron ji. Baba Ari ne.

Wanda bai san Baba Ari ba bai taɓa tsayawa a tashar Haɗeja ranar kasuwa ba. Bamange ne daga wajen Birniwa, dogo, siriri, mai 'yar furfura a haɓa, hularsa kullum a karkace. Shekara talatin da ɗaya yana jan a-kori-kura tsakanin gari da ƙauyukan da kwalta ba ta san da zamansu ba. Yana kai musu gishiri da manja da taki, ya dawo da kifi banda da tattasai da awaki da masu su. Ni kuwa Bafulatani ne, ko da yake rabon gidanmu da saniya tun kakana. Saboda haka akwai wasa tsakaninmu, kuma na yi shekaru ina cin gajiyarsa.

Abin da nake tsokanarsa da shi safayarsa ce. Tana tsaye a bayan kan motar, an lulluɓe ta da buhu don rana, an ɗaure ta da igiya irin ɗaurin masunta. Kowace safiya kafin ya taɓa sitiyari sai ya ƙwanƙwasa ta da sufana, ya kasa kunne, kamar mai sayen kankana. Kusa da ita akwai jak, da famfo, da wani guntun katako mai kauri da ya cire daga tsohon kwale-kwale. Wurin da suka cinye zai ɗauki buhu biyu ko fasinja uku. 'Yan uwansa direbobi sun gaji da yi masa wa'azi. Suna cewa nauyi ne ke nutsar da mota a taɓo, ga mai faci a kowace kasuwa, ga waya, ga 'yan acaɓa. Shi dai amsarsa ɗaya ce: "Ƙayar bagaruwa ba ta san ranar kasuwa ba."

Kuma ba ya ba da aronta. Zai ba ka famfo, zai ba ka jak, zai ɗauki tayarka ya kai wa mai faci ya dawo maka da ita gobe, zai ma ba ka tuwon da ya ƙullo. Safaya kam, a'a. Wani mai unguwa ya taɓa roƙonsa, ya ce masa, "Ranka ya daɗe, in na ba ka, mutanen da ke bayana fa? Tasu ce, ni riƙo nake."

Asalin abin matarsa 'Yar'azumi ce ta ba ni labari, domin shi ba ya faɗa. Lokacin yana saurayi, sabon shiga tuƙi, ya sauke safaya a tasha don ya ƙara kwandon ɗanyen kifi. Kifin na wasu mata ne su biyar, cikinsu har da mahaifiyarta, ita kuma ta rako ta. Taya ta fashe a tsakiyar fadama da rana tsaka. Ya garo ta a ƙasa har Kirikasamma, kafin ya dawo kifi ya kumbura, ƙudaje sun yi masa rumfa. Matan ba su zage shi ba. Sun dai tona rami sun binne wahalarsu ta mako guda yana kallo. 'Yar'azumi ce, tana 'yar budurwa, ta dube shi ta ce, "Wanda ya fito da ƙafa huɗu cif, ai bai yi niyyar komawa gida ba." Ta ce mini bayan shekara biyu da ya zo neman aurenta, abin da ya fara nuna wa mahaifiyarta safayar ce, ba fuskarsa ba.

To wannan mutumin ne ya tsaya a bayana ranar, motarsa cike da mata da tabarmi da tukwane da awaki, mutanen wani ƙauye da ruwa ya tasa. 'Yar'azumi na gidan gaba, ta je ɗauko ƙanwarta. Ya sauko bai yi sauri ba. Ya dubi tayata, ya dubi buhunan, ya leƙa bayan motar.

Ya ce, "Ɗan Fillo, ina ta biyar?"

Na ce, "Tana gida, Baba Ari. Ba ta jin daɗi."

"Allah ya ba ta lafiya. Kai fa, kana jin daɗi?"

Matan da ke bayan motarsa suka kwashe da dariya, har da wata tsohuwa da ba ta da haƙori ko ɗaya. Na ce masa ai shanu ba sa tafiya da ƙafar safaya, shi ya sa ban saba ba. Ya ce shanu ba sa ɗaukar buhu goma sha huɗu, sun fi ni hankali.

Ya tsuguna ya sa yatsa a tsagar tayar, yatsan ya shige har gindi. Ya ce wannan ba ta facin hanya ba ce, zai tafi da ita Haɗeja, gobe ya kawo mini. Na nuna masa Maƙoshi da yatsa, domin karon farko a rayuwata bakina ya ƙare. Shi ma ya san gobe sai dai a zo da kwale-kwale. Motarsa kuwa babu inda za a sa ko buhu ɗaya, sai in za a sauke mutum.

Ya karyi kara ya taka har bakin ruwan ya kafa shi, ya dawo ya tsaya yana kallo. Ba a jima ba ruwan ya wuce karan. Ya dubi mutanen da ke motarsa, ya dubi buhunana. Motata da tasa uwa ɗaya uba ɗaya ne, safayarsa za ta hau tawa, ya sani, na sani.

'Yar'azumi ta leƙo ta taga ta ce, "Malam, shinkafa ma binne ta ake yi?"

Sai ya nufi motarsa. Ya hau bayan motar ya fara kwance igiyar. Ɗaurin ya yi tauri, sai da ya sa haƙori.

Na yi saurin kafa jak ɗina don in nuna ni ma na iya wani abu. Ina juyawa, jak na shiga ƙasa, mota na nan inda take. Baba Ari ya bar ni sai da na binne rabinsa, sannan ya miƙo mini katakon kwale-kwalen ya ce, "Sa masa tabarma." Matan suka sauko muka rage buhu huɗu, mota ta ɗagu, ya ɗaura tayarsa da hannunsa, ya bi kowane noti sau biyu. Muka mayar da buhunan, muka ɗora fasasshiyar a kansu muka ɗaure.

Ya ce, "Wuce gaba. Giya ɗaya, kada ka tsaya a cikin kwarin, kada ka yi mini wayo. Inda ka ga sawun shanu, nan ne ƙasa mai ƙarfi. Wannan dai ka gada."

Muka shiga Maƙoshi ruwa na lasar ƙasan ƙofa. Motar ta yi tangal-tangal sau biyu, na karanto duk abin da na haddace, har da wanda ba na wurin ba. Duk lokacin da na dubi madubi yana nan a bayana, hula a karkace. Muka hau tudu, muka kama kwalta, na ɗauka zai wuce ni ya tafi tasha. Bai wuce ba. Haka ya biyo ni da matansa da awakinsa har cikin Haɗeja, har lungunmu, har ƙofar gida. Ana kiran la'asar muka tsaya. Zaituna na bakin zaure, safayata na jingine a gefenta, su biyun suna kallona iri ɗaya.

Da na ga shinkafa ta iso, sai bakina ya dawo. Na ɗaga murya yadda duk lungun zai ji na ce, "Jama'a ku shaida. Yau Baba Ari ya ratsa fadama ba safaya, bayan shekara talatin da ɗaya. Kuma ya rako ni har gida. Ashe Mangawa sun san girman Fulani."

Ya sauko da sufana a hannu, ya zagaya ya ƙwanƙwasa tayarsa, ya kasa kunne. Sannan ya ɗago.

Ya ce, "Wa ya ce ba safaya? Tana gabana tun daga fadama ina kallon ta. Wani sakarai ne dai yake gara mini ita. Kawo jak."