Komi, Ba Komai Ba

Duk wanda ya taɓa shiga gidan Kawu Bitrus a Karu ya san kujerar nan. Ba kushin da ɗansa Danladi ya saya masa nake nufi ba, wannan har Kawu ya rasu ba a cire ledarsa ba. 'Yar kujerar tsugune nake nufi, irin ta mata a madafa. Mutum dogo kamar falwaya, tsohon mai buga tafireta a ma'aikatar tarayya, sai ka same shi ya naɗe a kanta, gwiwoyi har kunne, fensir a baki, yana rubuta wa yara littafi. In ka ce, "Kawu, ga tebur fa," sai ya ce, "Daga can sama ba a ganin abin da yaro yake gani." Ni Ladi, 'yar ƙanwarsa, shekara shida na yi a gidansa, ban taɓa ganin ya rubuta harafi ɗaya a kan tebur ba.

Littattafan kun san su, yawancinku da su kuka yi renon 'ya'yanku. 'Yan ƙanana, shafi goma sha biyu, na labaran Littafi Mai Tsarki, na Kirsimeti da Ista, da na tarihi, duka da Hausa, zane kuma na hannunsa. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne, don mutum ɗaya yake rubuta su. Danladi, ɗansa tilo, ya samu aiki a kamfanin waya lokacin da salula ta shigo, ya auri 'yar Binuwai, suka tare a Gwarimpa, gida ya zama na Turanci safe da yamma. 'Yarsu Alheri ta taso ba ta yin Hausa. Kawu kuwa Turancinsa ya fi na Danladi nesa ba kusa ba, amma ya yi alwashi ba zai yi wa jikarsa ko kalma ɗaya ba.

"Da Turanci zan tsokani amaryata?" in ji shi. "In ce mata me?"

Duk zuwan da za su yi, sai ya tare ta a ƙofa: "Amarya, ina tuwona?" Yarinya ta ɓuya bayan uwarta. Ya ɗauko littafi ya karanta mata, ta zauna shiru tana kallon silin. In sun tafi, ranar ba ya cin abincin kirki. Muna yi masa dariya, amma gaskiya abin yana cinsa. Tsoronsa kada ya mutu bai taɓa yin hira da jikarsa ba.

To amma haushin bai tsaya a gida ba, kowa ya samu rabonsa. Kun tuna sabon faston da aka kawo mana, ɗan saurayi, fitowarsa ke nan daga makarantar tauhidi? Ya hau mumbari yana ta zuba manyan kalmomi, baratarwa, tsarkakewa, ɗaukakawa, kowace da tsawon igiyar shanya. Sai ga hannun Kawu a sama, tsakiyar wa'azi!

"Fasto, ɗan shekara biyar yana jin ka kuwa?"

"Baba, ai yaran suna can ajin Lahadi."

"To ni shekarata sittin da takwas, ban ji ka ba."

Kai, jama'a! Matan zumunta suka cusa kai cikin ɗankwali. Amma faston yaron kirki ne. Daga ranar, duk Asabar sai ya kawo wa'azinsa Kawu ya bi da jan fensir, kuma tun daga lokacin muka riƙa tashi daga sujada shinkafarmu ba ta ƙone ba.

Sai tsumulmularsa da takarda. Kawu bai taɓa sayen littafin rubutu ba. Ranar da ya yi ritaya, abokan aikinsa na ta ɗaukar hoto, shi kuwa buhu biyu na tsofaffin takardun ofis ya ɗaura wa ɗan acaɓa, wai bayansu fari tas, zunubi ne a ƙona. A bayansu yake rubutu. Da ya kai labarin jirgin Nuhu wurin masu ɗab'i, yaron da ke kan kwamfuta ya buga gaba da baya, bai tambayi kowa ba. Littafi ya fito. Dabbobi sun shiga jirgi biyu-biyu, an rufe ƙofa, ka juya shafi, sai ga sanarwa da Turanci cewa duk ma'aikacin da ke son hutun shekara ya cika fom kafin ƙarshen wata.

Na ce, "Kawu, a mayar musu mana!"

Ya duba, ya sake dubawa, ya ce, "Bar shi. Mutumin da ya yi wata da watanni yana kwashe kashin giwa, ai ya cancanci hutu."

Haka aka raba shi. Har yau akwai yara a Karu da suka yi imani Nuhu ma'aikacin gwamnati ne.

Maƙwabcinsa Alhaji Sabo, darakta a wata hukuma, shi ne abokin musunsa. Katanga ɗaya ta raba su, kuma shi ya duba wa Kawu ɗan littafin da ya yi kan Babbar Sallah, tunda ragunan layya a bayan gidansa yake kiwonsu da kansa. Da Kawu ya gama tarihin Abuja, ya miƙa masa ta kan katanga. Alhaji ya karanta tsaf, ya zare tabarau.

"Malam Bitrus, wane irin tarihi ne wannan? Shafi takwas kan matan Gwari da tukwanensu a kafaɗa, babu shekara ko ɗaya, babu sunan babban mutum ko ɗaya!"

"Na sa shekara. Ga ta nan: lokacin da kakarka take yarinya."

"Manyan fa?"

"Shafi na tara. Sai waɗansu mutane suka zo da manyan motoci."

"Shi ke nan? Ai ni ma ina cikin waɗanda suka zo!"

"Na sani. Duba zanen da kyau, kai ne na uku daga hagu, mai tumbin."

Alhaji ya yi kwana biyu ba ya amsa sallama, a na uku ya aiko a ba shi guda goma zai kai wa jikokinsa a Kano.

Yanzu bari in zo kan littafin Kirsimeti, don shi ne dalilin tsayuwata a gabanku. Kawu ya rubuta cewa da aka haifi jaririn, uwarsa ta kwantar da shi a cikin komi. Komi dai kun san shi, abin katakon nan da ake zuba wa dabbobi dusa. To yaron kwamfuta, wancan dai na Nuhu, Hausarsa ta Abuja ce, bai taɓa jin kalmar ba. Ya ɗauka tsoho ya manta harafi, ya cika masa. Littafi ɗari biyu suka fito, saura kwana huɗu Kirsimeti, kowanne yana cewa an kwantar da jaririn a cikin komai.

Na raka shi shagon, don na san ba za a ƙare lafiya ba.

"Oga, ai gyara na yi maka, kyauta ma," in ji yaron.

"Gyara? Ka kwantar da Mai Ceton duniya a cikin komai? Wane komai? Bokiti? Tukunya? Buhun gawayi?"

Mai shagon ya ba da haƙuri, ya ce zai sake bugawa bayan sabuwar shekara. Kawu ya ce Kirsimeti ba ta jiran sabuwar shekara, takarda kuma ba ta yi laifin da za a zubar da ita ba. A hanyar dawowa ya sayi reza biyu, ɗaya tasa ɗaya tawa. Harafi ɗaya za mu kankare, sau uku a kowane littafi.

Washegari da hantsi muna baranda muna kankara, sai ga Danladi da matarsa za su kasuwar Wuse, suka sauke mana Alheri. Shekararta shida lokacin. Kawu bai ma ɗago ba, ya yi mata nuni da hannu ta riƙa hure garin takardar. Shi ya kankare, ya karanta layin da ƙarfi don ya tabbatar, ita ta hure, a ɗauko na gaba. Mun yi wajen littafi sittin a haka, sai ta tambaya da Turanci, wai mene ne komi.

Na buɗe baki zan fassara mata. Kawu ya harare ni.

"Ladi, kika yi Turanci a nan, yau ki nemi wurin kwana."

Ya miƙe, ya kama hannunta, ya ɗauki littafi ɗaya, muka zagaya gidan Alhaji. Alhaji ya fito da carbi a hannu.

"Lafiya, Malam Bitrus?"

"Lafiya lau. Komi muka zo gani."

Ga raguna uku a ɗaure, ga komin a gabansu, jiƙaƙƙiyar dusa ta manne a gefe, ƙudaje sun rufe shi. Kawu ya nuna ya ce, "Komi." Ya buɗe zanen jaririn ya riƙe kusa da shi. Yarinya ta dubi zanen, ta dubi komin, ta toshe hanci. Can sai muka ji wata 'yar murya:

"Kaka, bebi ya kwana nan?"

Na dafe ƙirji. Kawu ya ce, a hankali kamar mai tsoron kada tsuntsu ya tashi, "Nan ya kwana."

"Yana wari."

"Yana wari, amarya."

"Mama nashi, ya yi kuka?"

To ku da kuka san Kawu, kun san ba a ce wa mace "ya" a gabansa a tafi lafiya. Mai kayan miya ya taɓa ce masa "matana ya haihu", ya tsayar da shi yana ba shi darasi har tumatir ya fara laushi. Ni da Alhaji muka dubi juna, muna jiran gyara. Sai Kawu ya durƙusa a cikin kashin raguna, da farin wandonsa, har fuskarsa ta zo daidai da tata.

"Ya yi, amarya," in ji shi. "Ya yi kuka kaɗan. Daga baya ya yi dariya."

Hawaye na bin gemunsa. Alhaji ya juya yana yi wa rago faɗa, ragon da bai yi komai ba. Alheri ta ƙare wa kakanta kallo, ta murguɗa baki.

"Ni ba amarya naka ba. Kai ka tsufa."

Wayyo Allah! Kawu ya yi dariya har ya zauna daɓas a ƙasa. Shekara shida yana jiran wannan rashin kunyar. Ashe duk shirun da take yi tana kallon silin, kwashewa take.

Shekara ɗaya da rabi ya yi bayan nan. Duk Asabar sai an kawo ta, su zauna suna faɗa kan tuwo, ita tana karya Hausa yadda ta ga dama, shi kuwa ko sau ɗaya bai gyara mata ba. Ya tafi cikin damina, bai sha jinya ba, kuma bai tafi da wancan tsoron ba. Ni dai ina kewarsa, ba kaɗan ba.

Ya Ubangiji, ga bawanka Bitrus. Ka san taurin kansa, ka kuma san abin da ke ƙarƙashinsa. Ka gafarta masa, ka ba shi hutawa, ka karɓe shi yadda kake karɓar yara ƙanana. Ka raya mana Alheri, ka albarkaci duk yaron da ya koyi karatu a hannunsa. Amin.