Ba a Kwana Ƙasa da Tsamiya

Ƙauyenmu a jikin gangare yake. Dutse na gabas, rafi na yamma. Zan faɗi yadda aka zauna shi a jere, domin in ba a bi wannan jerin ba, abin da ya faru a gidan Baffa a unguwar Plumstead ta London ba zai shiga kan kowa ba.

Maharba ne suka fara zama. Sun sauka a fadama, bakin rafi, inda namun daji ke zuwa shan ruwa. Suka yi bukkoki da rumbuna, suka hayayyafa. Wata damina, a zamanin kakannin kakanninmu, rafin ya tumbatsa ya kwashe ɗakuna da rumbuna da mutanen da ba a taɓa gaya mana yawansu ba. Ruwan ya hau gangare har gindin wata tsamiya, sannan ya tsaya. Waɗanda suka tsira suka koma tudu, ƙarƙashin dutse, suka haƙa rijiya. Suka kuma ɗauki alkawari cewa jininsu zai yi noma a fadama, zai wuni a can, amma ba zai kwana ƙasa da tsamiyar nan ba.

Bayansu maƙera suka zo, wato gidanmu. An ba mu tsakiyar gangare, daidai da tsamiyar, don kada tartsatsin wutarmu ya kama jinkar masu gari. Daga ƙarshe, a wata shekarar yunwa, wasu mutane suka gangaro daga arewa, aka ba su fadama, wurin da babu mai so. Suka shuka rake da albasa, suka zo suka fi kowa abin hannu. Rufin kwano na farko a ƙauyen, a fadama aka yi shi.

Akwai wasa tsakanin ɓangarorin biyu. 'Yan tudu suna kiran 'yan fadama kwaɗi, su kuma suna kiransu ƙadangaru. Idan kuwa magana ta wuce wasa, ɗan gangare ake aika, domin shi ba a hana shi hawa, ba a hana shi sauka. Aikin ɗan aike shi ne ya faɗi yadda abu yake tun asali, ko ya yi wa wani daɗi ko bai yi ba. Na ga mahaifina yana yin wannan aiki ina yaro. Ban taɓa zaton zai same ni a ƙasar Turawa ba.

Baffa ɗan tudu ne. Ba ƙanin mahaifina ba ne, amma haka dukanmu ke kiransa. Shi ya fara zuwa London cikin 'yan ƙauyenmu, yana tuƙa mota a wani ofis kusa da Charing Cross. Ya samu flat, wato sashen gidan bene, a Plumstead, can saman tudu, a hawa na uku na wani tsohon gini marar lift, sai matakala. Ni na biyo baya. A falonsa na zauna har na samu aikin gadi, na kama ɗaki a tsakiyar hawan tudun, daidai inda bas ke fara nishi. Na ƙarshenmu wani ɗan fadama ne mai tuƙa tasi, wanda ya samu gida a ƙasa, wajen Abbey Wood, inda ƙasa ta shimfiɗu har bakin kogi. Babu wanda ya tsara hakan, kowa ya zauna inda ya samu. Amma Baffa ya ɗauke shi hujja. Yakan ce ko a bangon duniya aka zubar da mu, kowa zai gangara zuwa mazauninsa.

Matar Baffa, wadda muke kira Inna, gwiwoyinta suka fara ciwo. Abin ya zo mata daki-daki. Da farko tana sauka kullum ta je kanti. Sai ya koma ranar Juma'a kawai. Sai ya koma ranar ganin likita, shi ma sai mutum biyu sun ɗauko ta a kujera. Daga baya ta taga take gane an shiga sanyi ko an fita. Aka yi sunan jikanta ba ta je ba, a waya aka nuna mata taron. Kowa ya gane cewa in ba a sauko da ita daga benen nan ba, a cikinsa za ta ƙare kwanakinta.

'Yarsu ma'aikaciyar jinya ce, a nan aka haife ta. Ita da mijinta suka koma wani gida a Abbey Wood mai ɗaki a ƙasa, da banɗaki a gefensa, ƙofa kuma tana buɗewa kai tsaye zuwa titi. Ɗakin zai ɗauki tsofaffin biyu. Ta gyara shi, ta sa labule, ta je ta gaya wa mahaifinta. Ya ce a'a. Sai ta zo wurina.

“Yaya, ka je ka yi masa magana. Ni na yi explaining har na gaji. Wai tsamiya. Wace tsamiya ce a London?”

Na ce mata tsamiyar gaskiya ce, na sha 'ya'yanta.

“To ka gaya masa ba ta da visa,” in ji ta.

Ban yi dariya ba. Na ce zan je, amma sai na fara ganin wurin da idona, domin ba na ɗaukar saƙo a kan abin da ban gani ba.

Ranar hutuna na hau bas na sauka, na zagaya da ƙafa. Ƙasar a kwance take kamar faifai. Akwai magudanan ruwa masu faɗi tsakanin gidaje, da ciyayi irin na bakin rafi, da agwagi. Can gaba akwai katanga mai kauri da ta tare kogin. Ko ba a gaya wa ɗan ƙauye ba, ya san fadama ce aka busar. Na duba ɗakin kuma. Babu matakala ko ɗaya tsakanin gado da titi.

Washegari bayan la'asar na hau wurin Baffa. Na tafi da mai tasi, domin al'ada ita ce in ana maganar fadama, a samu ɗan fadama a zaune. Muka tarar da Inna a kujerarta ta bakin taga, ƙafafunta a kan matashi. Mai tasi ya shigo yana haki.

“Ƙadangare, wannan hawan naka zai kashe mutum.”

“Kwaɗo bai saba ba,” in ji Baffa. “Zauna ka huce kafin ka bushe.”

Bayan gaisuwa na ce, “Baffa, da magana uku na zo. Ku bari in kai ƙarshen kowace.”

“Bismilla, ɗan maƙera.”

Na fara da cewa alkawarin nan a kan rafinmu aka ɗauke shi, da tsamiyarmu, kuma duka biyun suna gida.

Ya ce, “Da ka sauka daga jirgi, ka daina zama ɗan maƙera ne? In ka daina, tashi ka tafi, ba kai ya kamata a aiko ba.”

Na wuce ta biyu. Na ce in asali ake bi, kakanninsu a fadama suka fara zama, don haka sauka komawa tushe ne.

“Haka ne,” ya ce. “Kuma me ya same su?”

Mai tasi ya sa baki. “Shekara da shekaru ina kwana a ƙasan nan, Baffa. Ruwan da ya taɓa shigo mini ɗaki na injin wanki ne.”

“Ruwa ba ya cin kwaɗo. Yi shiru ana maganar masu gari.”

Na kawo ta uku. Na ce na ga katangar da aka yi wa kogin, kuma masu ilimin abin suna kula da ita.

“Ka ga tsofaffin dogayen gine-ginen da ke can wajen kogin?” in ji Baffa. “Ka duba ƙasansu? Ma'ajiyar motoci ce, mutane a sama suke kwana. Masu ƙasar ma sun san abin da na sani.”

Na gan su, kuma haka suke. Na faɗa masa haka suke. Na ƙara da abin da ban shirya ba, na ce wannan ba hukuncin addini ba ne.

“Ban ce addini ba ne. Amma cika alkawari fa?”

Maganata ta ƙare a nan. Na fara tattara rigata zan yi sallama, sai Inna ta yi magana ba tare da ta juyo daga taga ba.

“Ɗan maƙera, zauna. Kai da ka iya jera magana, ni ma ina da tambaya. Ni daga wane gari aka auro ni?”

Na faɗi garin. Yana da nisa da namu, a kan hanyar kasuwa.

“Akwai maharbi a kakannina?”

“Babu, Inna. Masaƙa ne.”

“To matan tudu irina, waɗanda aka kawo daga waje, in an yi haihuwa ko rasuwa a fadama, ina suke kwana?”

Baffa ya ce, “Hajiya.”

“Malam, ba da ku nake ba. Da ɗan aike nake.”

Na san amsar. Na tuna mahaifiyar Baffa kanta, wadda ita ma daga wani gari aka auro ta. Lokacin da 'yarta da aka aurar a fadama ta yi haihuwar fari mai wuya, tsohuwar ta naɗe tabarmarta ta wuce ta ƙofar maƙerarmu, ta sauka, ba ta hau ba sai da aka gama wankan jego. Babu wanda ya ce uffan. Maza ne ba sa kwana. In dare ya yi wa ɗan tudu a gona, ko ana ruwa sai ya hau.

Na faɗi wannan duka, a jere, da sunan gidan da aka yi haihuwar. Na ce iyakar sanina alkawarin a wuyan mazan tudu yake, bai taɓa hawa kan matan da aka auro ba, kuma 'ya'ya mata suna sauke shi ranar da aka kai su ɗakin miji.

Mai tasi bai yi wasa ba wannan karon.

“Haka aka yi,” in ji Baffa. “Ni na kai mata tuwo ran nan, na dawo.”

Inna ta ce, “Ban taɓa tsallake maganarku ba, Malam, kuma yau ma ba zan fara ba. In kun ce in zauna, na zauna. Amma ina so in taka ƙasa da ƙafata.”

Ya dube ni, ba ita ba. “To, ku sauke ta.”

“Ku fa, Baffa?”

“Ni ina nan.”

Ran Asabar muka sauke ta, ni da mijin 'yarta riƙe da kujera, mai tasi yana gaba yana ba da umarnin da babu wanda ya nema. Baffa ya biyo mu da jakar magungunanta. Ya shiga motar, ya raka ta har ɗakin, ya duba banɗaki, ya murɗa famfo ya rufe, ya tambayi inda gabas take. Ya ci abinci a can. Da magariba ta gabato ya sa hularsa. 'Yar ta tsaya a ƙofa.

“Baba, please. Yau kaɗai.”

“Matsa, uwata, bas zai wuce ni.”

Ta matsa.

Tun daga ranar haka ake yi. Da safe yakan sauka, ya wuni a wurinta, su yi hira ko su yi shiru, ya yi la'asar a can, sannan a zuba masa abincin dare a kula ya hau. Lokacin sanyi, da rana ke faɗuwa da wuri, zamansa yakan gajarta. Ya koyi ɗumama miya da kansa, abin da bai taɓa yi ba tun da ya yi aure.

Inna kuwa ta samu abin dogarawa da ake turawa, mai taya da wurin zama. Tana zuwa kanti da kanta, a hankali, tana hutawa a hanya. Ta yi ƙawa da wata tsohuwa 'yar Gana da ke layinsu, suna zama a bakin ƙofa in an samu rana, kowace tana gyara wa ɗaya Hausarta. Da aka yi walimar saukar karatun 'yata, ta zo, ta zauna a gaba, ta yi ƙorafin gishirin shinkafa.

Yanzu Baffa ne ke hutawa a kowane hawa na benen. 'Yar ta sake zuwa wurina bara, ta ce in koma. Na koma sau ɗaya, domin an aike ni. Ya saurare ni har ƙarshe, ya tambaye ni ko na zo da sabuwar magana. Na ce babu. Ya ce to mu sha shayi.

Na kai wa Inna amsar kamar yadda aka ba ni. Ta ce mu ƙyale shi, ta san wanda ta aura. Abu ɗaya ta sa masa, kuma yana bi. In ya kai sama ya buɗe ƙofarsa, sai ya kira ta a waya ya ce ya kai. Ba ta yarda a ja labulen ɗakinta sai wayar ta yi ƙara.