Teku a Vénissieux

Ranar kasuwa wani tsoho yana zama a bakin kasuwar unguwar Minguettes, takarda bisa gwiwa, kwalbar ruwa kusa da ƙafarsa. 'Yan kasuwa sun ce mutumin Girka ne, daga wani tsibiri. Farar rigarsa duk ɗigon shuɗi ce. Yana zana dogayen benayen unguwar da fentin ruwa, hancinsa kamar zai taɓa takardar. Ina jin idanun sun fara gajiya, kuma ya daɗe bai je gida ba.

Benayen suna fitowa daidai, taga bayan taga. Amma inda tiram, jirgin ƙasan cikin gari, ke wucewa, sai ya jiƙa buroshi ya shimfiɗa teku.

Hajiya Zouera mai yaji ta leƙo ta bayansa, ta ce da Faransancinta na kasuwa, "Baba, wannan fa gidana ne, hawan ƙasa. Ka nutsar da ni."

Ya dubi tekun ya daɗe. Bai goge shi ba. Ya zana kwalekwale a ƙarƙashin tagarta.

"To, da sauƙi. Amma ni 'yar Tahoua ce, ban iya tuƙi ba."

Ya sake sunkuyawa, ya ƙara wani tsoho a cikin kwalekwalen, mai farar riga.