Ranar da Kulata Ta Tashi Sama

A shekarun da gwamnatin Birtaniya ta tsuke bakin aljihu, an yanke kuɗin binciken da maigidana yake yi a jami'a a Manchester. Aikinsa haɗa madubin hangen nesa ne. Sai ga shi a gida safe da yamma, yana zagaye ɗan kicin ɗinmu na unguwar Gorton ya rasa abin taɓawa.

Kawuna da ke Birmingham, injiniya ne da ya yi ritaya, shi ya samo masa abin yi. Ya kira shi ya ce tun yana saurayi yake jin ana ɗaura irin wannan madubi da kyamara a jikin ƙaton balan-balan, a tura shi sama da gajimare ya ɗauko hoton wata tar. Me zai hana su gwada?

Duk Asabar kawu zai hawo bas da jakar kayan aikinsa da ƙullin dabino. Teburin cin abinci ya zama nasu, mu muka koma ci a ƙasa. Suna musu a kan waya da batir, su tashi su yi salla, su dawo su ɗora daga inda suka tsaya. Da suka rasa abin da zai kare kyamara daga sanyin sama, sai na ga dukansu sun zuba wa kular shinkafata ido.

Kawu ya ce, "'Yata, ara mana. In sha Allahu za ta dawo."

Da izinin hukuma ya fito, muka tafi wani fili a bayan gari da hantsi, wata na nan fari a yamma bai faɗi ba. Kawu ya yi bisimilla ya saki igiyar balan, ya tashi da kular. Da balan ya fashe can sama kular ta sauko, muka bi na'urar da ke nuna inda take har wata gonar tumaki, inda manomin ya tarbe mu da kular a hannu yana dariya.

A mota muka duba hotunan. Balan ya yi ta juyi, yawanci baƙin sama kawai aka ɗauko. A guda ɗaya ne wata ya fito, ƙarami, a karkace, amma ana ganin ramukansa. Maigidana ya fara ba da haƙuri. Kawu ya ɗaga masa hannu, ya goge tabarau ya matso da fuska.

"Bar ni in kalla tukuna," in ji shi.

Har muka kai shi gida Birmingham bai ba kowa kyamarar ba.