Tsatsa a Bayan Motar Baba

Motar Baba a-kori-kura ce irin ta da, mai giya a jikin sitiyari da kujera guda doguwa a gaba. An ce fara ce lokacin da ya sayo ta, amma ni da kalar jar ƙasar hanyarmu na san ta. Da ita ya riƙa kai tumatir da albasa kasuwa tun farkon zuwan ruwan kanal ƙauyenmu, nan tsakanin Kura da Bunkure. Da yake ita kaɗai ce mota a unguwar a wancan zamani, ita ce ta masu naƙuda, ita ce ta asibiti, ita ce kuma ta gawa. Wannan na ƙarshe Baba bai taɓa yarda ko mai a zuba masa ba.

Da ya rasu muka tura ta ƙarƙashin rumfa a ƙofar gida. Ƙanena direba ne, shi yake tayar da injin duk Juma'a, ya bar shi ya ɗan yi gunji, ya kashe. Saboda haka inji lafiyarsa ƙalau. Jikin ne muka cuta, kuma da abin da kowa a nan zai yi muka cuce shi. Ƙasarmu danshi gare ta, ko da rani ka ajiye buhu a ƙasa za ka dawo ka tarar gindinsa ya jiƙe. To ga bayan mota a sama, a bushe, a inuwa. Duk shekara idan aka sayo takin zamani sai mu jibge buhunan a ciki, har maƙwabta suna kawo nasu. Takin nan yana zufa, yana narkewa, yana bi ta ƙarƙashin tabarmar da ke shimfiɗe, mu kuwa muna ta yaba wa kanmu dabara.

Ni ne ɗan fari, don haka Inna ba ta faɗin sunana, ba ta kuma cika yi mini magana kai tsaye ba. Idan tana da saƙo sai ta jira ina zaune, ta dubi matata ko bango ta faɗa. Haka ta yi wata rana da hantsi, bayan an dawo daga jana'izar wata ƙawarta. Ta ji maza suna hirar yadda aka sha wahalar kabarin. Tun da aka kawo ruwa maƙabartar garinmu ta zama abin da ta zama, kafin haƙa ya kai gwiwa ruwa ya fara tsattsafowa, sai a yi ta kwarfewa da bokiti ana sauri.

Ta dubi matata ta ce, "Ki gaya wa wannan, ni kada a sa ni cikin ruwa. A kai ni tudu inda ubansa yake. Kuma ba na so a tsaya ciniki da direba a kaina kamar kwandon tumatir. Motar da ta kai shi ita za ta kai ni."

Tudun da take nufi tsohon ƙauyen kakanninmu ne, can gaba da Bunkure, inda ruwan kanal bai kai ba. Matata ta ce Allah ya ja kwana. Inna ta ce amin, ta ci gaba da tsintar shinkafarta. Ni kuwa ban ɗauki maganar da wasa ba, don a shekarar nan Inna ta rame ƙwarai, kuma Inna ba mai faɗin magana don a ji daɗi ba ce.

Washegari na sa aka sauke buhunan. Na ɗaga tabarmar, rabinta ya biyo ni, rabi ya manne. Na hau in duba, ƙafata ta dama ta zurma har ƙauri. Ƙanena ya yi dariya har da riƙe ciki, sannan ya ce a jera katako a kai kawai, ko a kira masu gyaran bodi su cika ramukan da fila, ƙullun nan da suke shafewa da shi, su fesa fenti, wa zai gani? Na ce ni zan gani. Ina da zuciya, kuma na san ina da ita. Na ce masa ba za a ɗora uwarmu a kan ƙarya ba, idan ba zai taya ni ba ya ba ni wuri. Ya ba ni wurin kuwa.

Na yi shekaru ina kula da injin casar shinkafa a Kura, a nan na koyi ɗan abin da na sani na walda. Aikin tsatsa ba wuya gare shi ba, haƙuri yake ci. Ka ɗauki ƙaramar guduma ka bi ƙarfen kana ƙwanƙwasawa. Inda ya amsa da ƙara yana da rai. Inda ya yi shiru, ko ya zubo da jan gari, ya mutu, sai ka kewaye shi da alli. Bayan nan ka yanke, ka goge bakin da buroshin waya da sanfefa har sai ka ga ƙarfe yana ƙyalli, don walda ba ta kama ruɓaɓɓe. Na fara da da'ira kamar faɗin faifai. Duk inda na goge na ce na iso mai kyau, sai in ga wani baƙin tabo ya ɓullo a gefe. Kullum allina ƙara buɗewa yake.

Ban san aikin zai dame ni ta inda ya dame ni ba. Ina durƙushe a bayan motar nan da rana tsaka, gari ya yi tsit, kowa yana gona, sai mutanen da suka kwanta a wurin su riƙa zuwa mini ɗaya bayan ɗaya. Matar maƙwabcinmu da ta cika a hanya da ciki, ina yaro na ga an sauko da ita. Ɗan kawuna da aka tsamo daga babban kanal, ruwa yana ɗiga daga bayan motar har ƙofar gida. Sai Baba, wanda ni na riƙe kansa daga asibitin birni har tudu. Na san daidai inda kafaɗarsa ta kwanta, wajen kumburin taya na hagu, kuma nan ne tsatsar ta fi ci. Na daɗe riƙe da injin yanka kafin in iya ɗora shi a wurin.

Idan rana ta gasa rumfar, ƙarfen motar yakan yi wata 'yar ƙara, ta ɗan nutsa, irin yadda take yi idan an ɗora mata nauyi. Na san zafi ne. Duk da haka sau da yawa na waiwaya in ga wa ya hau. Wani lokaci kuma sai in ga Inna ce a bakin zaure, an shimfiɗa mata buzu, tana kallona. Ganinta a nan ya fi waccan ƙara tsorata ni, don ji nake kamar tela ne ni tana jiran a gama mata ɗinki. Da yamma sai in ji tana tambayar matata ko an kusa.

Ƙarshe dai na gane faci ba zai yi ba. Na yanke gadon bayan motar gaba ɗaya, ya rage sai ƙarafan da suka gitta a ƙasa kamar haƙarƙari, da bangon gefe biyu. Na shiga birni na sayo sabon fallen ƙarfe mai kauri, na auna, na yanka, na jingine shi da bango. Haƙarƙarin ma sai an goge su kafin a ɗora, kuma wuta ta yi kwanaki ba ta zo ba. Mai janaretan da yake ara mini yana tsakiyar casa, ya ce in ba shi zuwa sati mai zuwa. Ban ga abin sauri ba, don a makon nan Inna har tuwo ta tuƙa da kanta.

Ranar Laraba da safe ta sha kokonta, ta ce za ta ɗan kishingiɗa. Matata ta leƙa ta kafin hantsi ya ɗaga, ta fito ta tsaya a gabana hannunta a kan baki.

A wurinmu gawa ba ta jira. Kafin in gama gane abin da ya same ni mata sun yi mata wanka, an yanko likkafani, an aiko da makara daga masallaci. Liman ya ja ni gefe ya ce samari suna nan da diga, a fara haƙa a nan gida, ko'ina ƙasar Allah ce. Ƙanena idonsa jawur ya ce zai kira wani abokinsa mai bas. Duk gaskiya suka faɗa, kuma ba wanda ya faɗa da mugun nufi.

Na ce, "Malam, ta bar wasiyya. Tudu za mu."

Ya dubi motar, ya dube ni. "A cikin wannan? Ai ba ta da ƙasa."

Na ce, "Tana da inda za a ɗora makara."

Ƙanena ya je ya ɗauko makulli. Aka yi waya can ƙauye su fara haƙa. Bayan an yi mata salla muka ɗora makarar a kan haƙarƙarin nan, ƙafafunta huɗu suka sami wurin zama da ƙyar, muka ɗaure su da igiyar buhun albasa. Ni na hau baya, na tsuguna a kan ƙarfe guda, na sa gwiwa na tokare makarar, hannuwana biyu riƙe da bangon motar da ban kai ga gogewa ba. Sauran jama'a suka biyo mu a kan babura.

Ban taɓa ganin hanya ta ƙarƙashi ba sai ran nan. Jar ƙasa tana gudu a ƙarƙashin uwata, da tsakuwa, da kashin shanu, da ɓawon albasa. Da muka hau 'yar gadar kanal ta katako na ga ruwan ta tsakanin katakan, kore, yana tafiya a hankali, ba komai tsakaninsa da ita sai makara da igiya. Na ƙara damƙe ƙarfen har na daina jin yatsuna. Ƙanena, wanda duk garin aka sani da gudu, tafiya yake kamar ya ɗauko ƙwai. A kowane rami sai in ji makarar ta motsa a jikin gwiwata, in ce a raina ki yi haƙuri Inna, an kusa.

Mun tarar sun gama haƙa, kusa da Baba. Ƙasar busasshiya ce, har ƙura take tashi. Ni da ƙanena muka shiga, aka miƙo mana ita, na karɓi wajen kafaɗu. Ba ta da nauyi ko kaɗan. Muka kwantar da ita a kan damanta tana fuskantar alƙibla. Da na ɗaga hannuna sai na ga shatin yatsuna a jikin likkafanin, jan tsatsa, biyar a nan biyar a can. Na sa babban yatsa in goge, abin ya ƙara bajewa.

Daga sama liman ya ce a hankali, "Bar shi haka. Fito, a miƙo itace."

Na fito. Aka jera itace, aka sa ganye, aka tura ƙasa. Na cika mata abin da ta ce, kuma na gode wa Allah da haka. Amma ban taɓa riƙe kafaɗar Inna tana da rai ba, kunya ba ta bar mu ba, sai ran nan, kuma da wannan hannun na riƙe ta. Har yau idan na tuna ta, kafin fuskarta ta zo mini sai na fara ganin jan yatsun nan a kan farin ƙyalle, suna can ƙarƙashin ƙasa tare da ita.